Rariyar da Baffa Ya Toshe

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, a gidanmu na Bebeji na yi wanka, kamar yadda aka saba yi a haihuwar fari. Mijina ya kawo ni daga Kiru da tsohon ciki, ya gaida Baba a zaure yana ta sunkuyar da kai, ya hau babur ɗinsa ya koma. Aka sauke ni a ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, wadda ta rasu tun ina budurwa. Da na haifi mace, mijina ya yi wa Baba kara ya sa mata sunan tsohuwar. Daga nan babu mai iya kama sunan jaririyar a gidan, sai dai a ce Iya ƙarama.

Ɗakin nan shi kaɗai ya rage na ƙasa a gidan. Sauran duk an rushe su an yi na bulo da kwano, irin waɗanda in rana ta take sai kowa ya fito waje neman inuwa. Na Iya kuwa soro ne da azara, bangonsa mai kauri, da zafi ya yi sanyi, da sanyi ya yi ɗumi. Har lokacin jeren kwanukanta na nan, da randarta a kusurwa, da ƙusar da take rataye carbi. Baba bai bari an taɓa komai ba. Duk shekara kafin ruwan fari shi da kansa yake hawa ya yi yaɓe, ya gyara indararo.

Sai dai ɗakin yana da labari, labarin kuma ba mai daɗi ba ne. Su biyu Iya ta bari, Baba da ƙanensa Baffa, wanda shi ne autanta. Da aka zo rabon gida, masu rabo suka ja igiya daga gindin darbejiya zuwa bangon baya, ɗakin ya faɗo ɓangarenmu, bayansa ya zama iyaka. Baffa ya ce a ba shi ɗakin ko da za a rage masa fili, domin a cikinsa aka haife shi, a cikinsa kuma ya yi jinyarta har ya rufe mata ido. Baba ya ce shi ma a cikinsa aka haife shi, kuma ya riga. Ya ce igiya ba ta san son kai ba. Aka ja katanga daga kusurwar ɗakin, Baffa ya fasa tasa ƙofar ta lungun baya, bai sake taka gidanmu ba.

Kada wani ya ce gaba suke yi. Dukansu sun yi karatu, sun san hukuncin wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa. Saboda haka kullum in an fito sallar asuba, Baffa, tun da shi ne ƙarami, zai dubi takalminsa ya ce, "Salamu alaikum." Baba zai dubi sararin da ke saman hular Baffa ya ce, "Wa alaikumus salam." Shi ke nan an sauke nauyi sai kuma gobe. A sahu ɗaya suke salla, wani lokaci ma kafaɗa na gugar kafaɗa, amma shekara da shekaru babu wanda ya ji ko "ina gajiya" ta shiga tsakaninsu. Mata dai ba su shiga ba. Inna, mahaifiyata, da matar Baffa da muke kira Goggo, ta kan katanga suke miƙa wa juna gishiri da garwashi da labarin unguwa.

Abu ɗaya ne igiya ta kasa rabawa, shi ne ruwa. Gidan kakanmu a kan gangare yake, mu ne a sama, Baffa a ƙasa. Titin da ke gaban zaurenmu an yi ta zuba masa marmara har ya fi tsakar gidanmu tudu, don haka ruwan da ya sauka a gidanmu ba shi da mafita ta gaba. Dole ya gangara kusurwar ɗakin Iya, ya bi ta wata rariya da aka bari a gindin katanga, ya ratsa tsakar gidan Baffa, sannan ya fita lungu. Hanyarsa ke nan tun ana gida ɗaya. Duk cikin 'yan gidanmu shi kaɗai yake shiga gidan Baffa kansa tsaye ba sallama.

A daminar nan rediyo ta matsa da shelar ambaliya. Safe da yamma ana ta jan kunne, mutanen da ke kusa da rafi su yi hattara, a yashe magudanai, a ɗage kaya, a san inda za a gudu. Baba kuwa ba ya wasa da maganar rediyo. In likita ya ce masa ya rage gishiri sai ya ce likitan yaro ne, amma in rediyo ta faɗa, an gama magana. Ya tara mu a tsakar gida ya ce rigakafi ya fi magani, daga yau gidan nan shiri ake yi. Ni ina zaune a bakin ƙofa da kofin kunun kanwa, taku biyu tsakanina da shi, amma da yake ni ce 'yar fari, ba ya kama sunana kuma ba ya yi mini magana kai tsaye. Sai ya dubi Inna ya ce, "A faɗa wa waccan ta haɗa kayan jaririya wuri guda." Inna ta juyo ta ce, "Kin ji." Na ce na ji.

Da buhuna aka fara. Duk wani tsohon buhun taki da ke gidan aka zazzage shi, aka ciko da yashi daga rafi, aka jere a bakin zaure hawa-hawa. Shiga gidanmu ya koma sai an tattare riga an haura. Bafillatanar da ke kawo mana nono ta zo ta tsaya da ƙwarya a ka, ta dubi buhunan, ta dubi Baba, ta ce, "Malam, yaƙi ne?" Ya ce ruwa ne. Ta ɗaga kai ta dubi sama, babu ko ƙyallen gajimare, ta ce to Allah ya ba mai rabo sa'a. Daga ranar ta waje take miƙo nonon.

Ragowar masara da dawar bara aka ɗora a kan benci, bencin a kan bulo. Awaki aka kwance musu ɗaurin da aka saba aka yi musu zarge, wai don in ruwa ya zo a ja sau ɗaya su kuɓuta. Awakin sun riga kowa gane dabarar, suka kuɓuta tun ruwa bai zo ba, suka cinye zogalen Inna har kara. Sannan wata safiya Baba ya tafi Bagauda wurin wani masunci abokinsa, ya dawo da ƙatuwar gora ɗaure a bayan babur, irin wadda suke kifa ciki a kanta su shiga ruwa, da tsohon tub na tayar mota rataye a wuya. Ya yi rabo. Gora ta Inna, tub nawa, jaririya kuma a bahon wanka.

Inna ta zagaya gorar ta ce, "Malam, ni fa ko a mafarki ban taɓa iyo ba."

Ya ce, "Ba iyo za ki yi ba. Rungumewa za ki yi."

Ta ce, "In ta juya fa?"

Ya ce, "Sai ki juya tare da ita."

Har gwaji aka yi. Makarantar firamare da ke kan tudu ita ce mafakar da ya zaɓa, kuma ya ce ba a sanin nisan hanya sai an bi ta da kaya. Ni an ɗauke mini saboda jego, amma Inna sai da ta goya matashin kai a madadin jaririya, ƙannena suka ɗauki ƙunshin kaya da tukunya, Baba a gaba da rediyo a hammata. Suka ratsa unguwa da hantsi kowa na kallo. Da suka dawo Inna ta kwance matashin ta ajiye, ta ce jaririya dai ta isa lafiya, ita ce ba ta isa ba.

Ana cikin wannan aka yi wani ɗan ruwa da safe, wanda bai fi ya kwantar da ƙura ba. Ya ɗauke, rana ta fito, amma a kusurwar ɗakin Iya ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Inna ta ɗauko kara ta zura a rariya, ta ɗauka leda ce ta toshe. Karan ya daki abu mai tauri. Ta sake zurawa, ya karye. Sai ga kan Goggo ya ɓullo ta saman katanga, ta hau turmi, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Shi ma rediyon yake ji." Ashe Baffa shi ma shiri yake yi. Ya sayo bulo da siminti, ya gina wa rariyar baki ta gefensa, ya shafe tas. Da Goggo ta yi masa magana ya ce wanda ya ci ɗaki ya sha ruwansa.

In za a faɗi gaskiya, Baffa yana da hujja. Gidansa ne a ƙasa, shi ke karɓar ruwan gida biyu, ga rediyo na cewa na bana ba irin na kullum ba ne. Amma in ruwa ya rasa hanya, a gindin ɗakin ƙasa zai kwanta, kuma kowa ya san yadda ginin ƙasa yake ƙarewa in ƙafarsa ta jiƙa. Daga ƙasa yake narkewa, sai wata rana ya durƙusa. Ɗakin da suka raba zumunta a kansa shi ne zai fara tafiya.

Baba ya zo ya tsuguna ya leƙa rariyar. Ya daɗe yana leƙe. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "To." Washegari ya ƙaro buhuna a bakin zaure.

Da la'asar Inna ta kai masa ruwan alwala ta ce, "Malam, da ka yi masa magana."

"Wa?"

"Ɗan'uwanka."

"Mun yi sallama ɗazu."

"Maganar rariya nake nufi."

Ya ce, "Tun da Allah ya yi duniya ƙarami ke zuwa wurin babba. Ni ban toshe ba. Wanda ya toshe ya san hanyar gidan nan, a cikinsa ya yi rarrafe."

Inna ta kai wannan bakin katanga, ta rage mata kaifi kafin ta miƙa. Goggo ta dawo da amsa, ita ma da alama ta rage. Baffa ya ce shi bai ƙi ba. Ruwan wa? Mai ruwa ya ce a buɗe masa, a buɗe. Baki gare shi. Mai unguwa ya ji labari ya zo, ya haura buhuna ya zauna da Baba, Baba ya ce ai shi babu komai tsakaninsa da ƙanensa sai alheri. Ya zagaya lungu ya zauna da Baffa, Baffa ya ce yayansa uba ne a wurinsa. Mai unguwa ya sha fura a gida biyu ya tafi.

Maimakon kalma ɗaya, Baba ya zaɓi ya haƙa rami. Ya ɗauko diga da shebur, shi da ƙannena suka haƙa wani rami a tsakiyar gida, zurfinsa ya kai ƙugu, wai ruwa ya faɗa ciki ƙasa ta shanye. A daren farko akuya ta faɗa. Aka rufe shi da tsohon kwano, aka gargaɗi kowa. Gidanmu ya zama ga katangar yashi a gaba, ga rami a tsakiya, ga gora da tub rataye a bango, ga rariya a toshe.

Ni dai haushi ya kusa kashe ni. Mai jego dama zuciyarta a kusa take, ga wankan ruwan zafi safe da yamma, ga rashin barci, ga dattawa biyu masu furfura sun sa ɗaki a tsakiya suna jiran wanda zai fara ƙiftawa. An ce babba juji ne, to ni ban ga jujin ba. Wata safiya Baba ya tafi gona, Inna na wanke-wanke, na kwantar da jaririya na ɗauko taɓarya. Na tsuguna a bakin rariya na zura, na dinga dukan simintin da iya ƙarfina. Rariyar ƙunci gare ta, taɓaryar ba ta samun wurin lilo, sai dai ƙara kawai, dum, dum. Ina cikin yi sai na ji gyaran murya ta bayan katanga.

"Mai jego, ki kula da bayanki."

Baffa ne. Ban san yadda aka yi ya gane ni ce ba. Wannan mutumin shi ne yake ɗora ni a gaban kekensa ya kai ni kasuwa ina ƙarama, ya saya mini alawa ya ce kada in faɗa wa Baba. Na gaishe shi ina haki. Ya amsa, sannan ya ce, "Uwata tana shan nono sosai?" Bai taɓa ganinta ba. Shi ba ya shigowa, ni kuma ba na fita sai na yi arba'in.

Na ce, "Tana sha. Baffa, ɗakin Iya zai faɗi."

Can ya ce, "Na ji. Ki faɗa wa mai ɗakin."

Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa mai ɗakin. Abin da ya biyo baya shi ne an kwashe ni da jaririya an mai da mu ɗakin Inna. Ke nan Baba ya san abin da ke tafe. Ya san shi sarai, kuma wannan ne ya fi ɓata mini rai.

Ruwan ya zo wata Laraba bayan azahar. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kaɗa sau biyu ta tsaya, sai aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Na rantse da farko har wani annuri na gani a fuskar Baba, ranar da ya yi wa tanadi ta zo. Ya ba kowa umarni, ya sauko da gora da tub ya ajiye a tsakar gida, ya tafi zaure ya tsaya a bayan buhunansa yana fuskantar titi, ta inda ambaliya za ta ɓullo. Ruwan titi ya zo a guje ya wuce abinsa, ko buhun ƙasa bai lasa ba.

A bayansa kuwa gida yana cika. Kowane rufi na zubo nasa a tsakar gida, indararo na feshi. Ramin Baba ya cika tun ba a je ko'ina ba, kwanon da aka rufe shi da shi ya taso yana yawo. Ruwa ya gangara kusurwar da ya saba, ya tarar a rufe, ya dawo ya bazu. Ina tsaye a ƙofar ɗakin Inna da jaririya a kafaɗa na ga gorar ta tashi da kanta tana zagaya gida, wata kaza ta ɗare kanta. A duk gidan kazar nan ce kaɗai ta yi yadda aka tsara.

Inna ta ƙwala kira, "Malam! Ta nan ne, ba ta can ba!"

Ya juyo ya gani. Aka hau kwasa da bokiti. Sai a cika, a ratsa zaure, a haura buhunan da aka jera don hana ruwa shigowa, a zubar a titi, a sake haurowa. Kafin a fitar da bokiti ɗaya sama ta zubo ashirin. A kusurwar ɗakin Iya ruwan ya wuce ƙauri, ya haura dokin ƙofa ya shiga ciki. Yaɓen gindin bango ya fara saɓulowa yana faɗawa ruwa, ruwan wurin ya koma ja.

Baba ya ajiye bokiti ya shiga ɗakin. Na ɗauka kwanuka zai kwaso. Ya jima a ciki, ya fito hannu wofi. Ya tsaya a waje ya dafa bangon da tafin hannunsa, kamar yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi, da ya ɗago sai ga ƙasa ta biyo hannun. Ya tsaya yana kallon taɓon, ruwa na zuba ta gemunsa, hular ta jiƙe ta lotsa. A ranar na fara ganin tsufansa.

Sai ya taka cikin ruwan ya isa katanga, daidai kan rariya. Ya jingina goshinsa da ita. Na ga bakinsa ya motsa, amma ƙarar ruwa a kan kwano ba ta bari an ji ba. Ya ɗaga kai ya sake, wannan karon duk gidan ya ji.

"Auta!"

Sunan da Iya ke kiran Baffa ke nan. Rabon da in ji shi tun tana da rai. Amsar ba ta ɗauki ko numfashi ɗaya ba, kuma ba daga nesa ta zo ba, daga jikin katangar ta fito.

"Na'am, Yaya."

"Ɗakin Iya. Don Allah ka bu..."

Bai ƙarasa ba guduma ta sauka. Ta sake sauka. A ta uku ko ta huɗu muka ji wani gurnani a gindin katanga, ruwan tsakar gidanmu ya juya gaba ɗaya ya nufi rariya, yana jan kara da leda da takalmin Inna. Daga baya Goggo ta ba mu labari. Ta ce tun ɗigon farko Baffa ya ɗauki guduma ya je ya tsuguna a wurin. Ta kai masa buhu ya rufa, ya ƙi. Ta ce masa, "Malam, tun da ka riga ka zo, ka fasa mana." Ya ce bai ji an kira shi ba. Haka ya zauna ruwa na dukansa, kunnensa a jikin katanga.

Na yi kuka a wurin, jaririya a kafaɗata. Rabin kukan tausayi ne, rabi kuma haushi, domin kalmar nan da aka faɗa a cikin taɓo da an faɗe ta tun ƙasa na bushe, da babu abin da zai jiƙe. Ina son mutanen nan biyu, kuma a ranar da zan iya da na haɗa kawunansu na gwara.

Ruwan da ya taru a gidanmu duk a gidan Baffa ya sauka lokaci guda. Ya rushe bangon madafar Goggo, ya tafi da akurki, ya jiƙa masarar da suka ɗora a kan bulo, don nasu bulon hawa ɗaya ne. Goggo a kan turmi ta ƙarasa yammar. Rafi kuwa ya cika ya cinye shinkafar fadama, mutane da yawa sun yi asara, amma bai hauro unguwarmu ba. Ambaliyar da aka yi a unguwar, a gidajen 'ya'yan Iya kaɗai aka yi ta.

Washegari da asuba, ƙanena ya ce, masallaci bai watse da wuri ba, kowa ya tsaya neman takalmin da ke gabansa. Baffa ya dubi ƙasa ya ce, "Salamu alaikum." Baba ya amsa. Sai Baba ya sauko da idonsa daga saman hular ya ce, "Ya ruwa?" Baffa, wanda madafarsa ke kwance a ƙasa, ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Iyakar abin da aka samu ke nan a ranar, kuma liman ya ce a gode wa Allah.

Ɗakin bai tsira duka ba. Ƙafarsa ta riga ta sha. Aka shiga marka, yayyafi ba dare ba rana, wata safiya da hantsi bangon baya ya durƙusa ya zube a tsakar gidan Baffa. Allah ya sa babu kowa a kusa. Maƙwabta suka taru aka tokare azara da gwafanni, aka rufa tamfol. Da aka watse na leƙa ta ƙofar ɗakin, sai na hangi Baffa ta ɗaya gefen, a tsaye a cikin gidansa, hannu a baya. Yana kallon jeren kwanuka da randa da ƙusar carbi. Bai matso ba, bai taka ko ɓaraguzan ba. Ya gan ni da goyo ya ce, "Miƙo mini uwata." Na kwanto ta na ratsa ɗakin na miƙa masa. Ya riƙe ta yana kallo, ya ce hancin ne, hancin ne sak.

Na yi arba'in na koma Kiru. Da rani ya yi aka buga tubali, na zo ganin gida na tarar ana aikin bangon. Maginin daga Tudun Wada aka ɗauko shi, bai san labarin komai ba. Baba na zaune a kan benci ta gefenmu, Baffa na can ta gefensa yana cuɗa ƙasa da ƙafa, don ya ce yaran yanzu ba su iya cuɗi ba. Da gini ya fara tashi maginin ya juyo ya ce, "Baba, a ɗinke shi duka ne, ko a bar 'yar taga?"

Baba ya ce, "Ba ni za ka tambaya ba. Ga mai ɗakin can."

Maginin ya juya ya dubi Baffa. Baffa ya tsaya cak, ƙafarsa a cikin taɓo. Ya dubi yayansa, yayan kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a jikin rediyonsa yana murɗawa. Can Baffa ya ce, "A bar ƙofa." Maginin ya ce to tsohuwar ƙofar ta wancan gefen fa, a toshe? Baffa ya ce, "Kada ka taɓa ta."

Har yau ɗakin Iya ƙofa biyu gare shi. Gorar an mayar wa mai ita, buhunan yashi sun ruɓe an share, ramin an cike shi Inna ta dasa sabon zogale a kai. Baba ya yi damina da dama bayan nan, kuma da yamma a ɗakin suke zama su biyu suna jin rediyo, suna musu a kan ko za a yi ruwa. Baba ya rasu Iya ƙarama na makarantar sakandare.

Bana kafin ruwan fari na je gida, na tarar da Baffa a tsugune a bakin rariya da kara a hannu yana yashewa. Ya tsufa, sai ya dafa katanga yake iya miƙewa. Na ce ya bari yara su yi mana. Ya ce ba za su yi da kyau ba. Ya ci gaba da tsokalo leda da ciyawa yana tarawa a gefe, bai dube ni ba, ya ce, "Kin san tun da Yaya ya tafi, babu sauran mai kirana Auta."